Barbara McClintock, Matar Da Ta Gano Asirin Ƙwayar Masara

  Yau za mu kawo muku tarihin wata mata ce ta ƙasar Amurka, wadda ta yi kusan shekara 70 tana bincike a kan masara, har binciken ya kai ta ga lambar girma wadda babu irinta a fagen ilmin kimiyya. Sunanta Barbara McClintock.

Masara ba baƙuwa ba ce a gare mu. A fadamun Wurno da Rabah da Goronyo ana nomanta damina da rani, musamman tun da aka yi madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima. Kowace mace ta taɓa ɓare masara ta tarar da ƙwayoyi fari da rawaya da ja a totuwa ɗaya. Wani lokaci ma a kan sami ƙwaya guda mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Mu dai mu kan duba mu jefa a tukunya. To, ita wannan mata tsayawa ta yi ta tambayi kanta, me ya kawo ɗigon nan? Amsar da ta samu ta canja abin da ake koyarwa a jami'o'in duniya game da gado.

ƘURUCIYARTA

An haife ta ran 16 ga watan Yuni, 1902, a garin Hartford. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu, mata uku da namiji ɗaya. Sunan da aka fara raɗa mata Eleanor ne, daga baya iyayen suka mai da shi Barbara. Mahaifinta likita ne, amma a lokacin aikin bai kankama ba, gidan kuwa babu yalwa. Saboda haka tana da shekara uku aka kai ta riƙo wajen 'yan'uwa, ta zauna can har ta isa shiga makaranta. Cikin 1908 iyalin suka ƙaura zuwa Brooklyn, wani yanki na birnin Niyok. Tun tana ƙarama an san ta da son zama ita kaɗai tana tunani, da son warware lissafi ta hanyar da ba ita malami ya nuna ba.

Ta gama sakandare cikin 1919, ta ce ita jami'a take so. Nan fa aka yi ta fama, don mahaifiyarta ta ƙi. Tsoronta shi ne in yarinya ta yi zurfi a karatu ba za ta sami mijin aure ba. Ku lura fa, a Amurka ake wannan magana, ba a ƙauyukanmu ba. Saura kaɗan karatun ya tsaya nan, sai Allah ya kawo mahaifinta daga aikin likitan soja da ya tafi lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Shi ya sa baki aka bar ta. A shekarar nan ta 1919 ta shiga Kwalejin Aikin Gona ta Jami'ar Cornell.

Cikin 1921 ta fara ɗaukar darasin ilmin gado. Malamin darasin, C. B. Hutchison, ya ga hazaƙarta, sai ya buga mata waya cikin 1922 ya gayyace ta ajin manyan ɗalibai, tun ba ta gama digirin farko ba. Wannan gayyata ita ce ta tsai da ita a kan hanyar da ba ta sāke ba har mutuwarta. Ta sami digirin farko cikin 1923, na biyu cikin 1925, na uku, watau na dakta, cikin 1927, tana da shekara 25.

MENE NE ILMIN GADO?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu ɗan yi bayani, don a gane abin da ta yi. Jikin kowane mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro, an gina shi ne da waɗansu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, masana suna kiransu sel. Cikin sel akwai waɗansu zaruruwa da ake kira kuromosom. A jikin zaruruwan nan ne ƙwayoyin gado suke jere, kamar yadda duwatsu ke jere a jigida. Ƙwayoyin gadon nan su ne ke ɗauke da umurnin kama da launi da irin jini. Ɗan Adam yana da zare 46, watau 23 daga uba, 23 daga uwa. Masara tana da 20, goma daga kowane ɓangare.

Masara kuwa tana da wani sauƙi ga mai bincike. Furen da ke fitowa can saman kara shi ne namiji, shi ke zubo da gari. Gemun da ke bakin goyo shi ne ɓangaren mace, kuma kowane silin gemu yana tafiya ne ga ƙwaya ɗaya. Ke nan kowace ƙwaya a totuwa ɗiya ce mai zaman kanta. Mai bincike in ya riƙe totuwa ɗaya, kamar ya tara 'ya'ya ɗaruruwa ne na uwa ɗaya a gabansa, yana iya ƙidaya wa ya gaji me. Wannan ne kuma ya sa in gonar fara tana maƙwabtaka da gonar rawaya, iska ta kan ɗauko garin fure ta gauraya su. Duk mai ajiye iri ya kamata ya san haka.

AIKINTA A CORNELL

A zamanin nan an san masara tana da zaruruwan gado iri goma, amma ba wanda ya iya rarrabe su, don a madubin likita duk kama ɗaya suke yi. Masu bincike saiwar tsiron suke yankawa su duba. Barbara ta bar saiwa ta koma ga sel ɗin da ke cikin fure, ta kuma gyara hanyar rina su da wani jan rini. Da haka ta iya nuna kowane zare da tsawonsa da siffarsa, aka ba su lamba daga 1 zuwa 10. Ta buga wannan aiki cikin 1929.

Daga 1927 zuwa 1931 tana koyarwa a Cornell tana kuma bincike. Ta yi aiki cikin wata ƙungiya ta matasa a ƙarƙashin Shaihun Malami Rollins Emerson. Cikinsu akwai Marcus Rhoades da Charles Burnham, da George Beadle wanda shi ma ya ci lambar Nobel cikin 1958. Da damina suna gona cikin rana, suna rufe furen masara da jakar takarda, suna barbara da hannu, suna rubuta lambar kowane kara. Da sanyi ya shigo sai su koma kan madubi. A ƙasarsu sau ɗaya ake noman masara a shekara, saboda haka in an yi kuskure a barbara, sai a jira baɗi.

Cikin 1931 ita da wata ɗaliba mai suna Harriet Creighton suka yi aikin da har yau yana cikin littattafan makaranta. An daɗe ana zato cewa lokacin da tsiro ko dabba ke shirya irin haihuwa, zaren da aka gada daga uba da wanda aka gada daga uwa su kan kwanta gefe da gefe su yi musayar guntaye. Zato ne kawai, ba wanda ya gani da ido. Sai suka sami wata masara wadda zarenta na 9 yake da ƙulli a baki ɗaya, da ƙarin tsawo a ɗaya bakin. Da waɗannan alamu biyu suka bi sawun zaren daga iyaye zuwa 'ya'ya. Suka nuna cewa duk inda halayen ƙwaya suka nuna an yi musaya, to, a madubi ma za a ga guntayen zaren sun sāke wuri. Wannan musaya tana cikin dalilan da suka sa 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa zama kama ɗaya.

NEMAN WURIN ZAMA

Duk da wannan suna da ta yi, ba ta sami kujerar dindindin a Cornell ba, don a lokacin ba a ba mata irin wannan matsayi a sashen. Ta yi 'yan shekaru tana rayuwa da kuɗin taimakon bincike, yau tana wannan jami'a gobe tana waccan. Cikin 1933 ta sami taimako ta tafi Jamus. Ta isa ne a shekarar da Hitila ya hau mulki, ana korar malamai Yahudawa daga jami'o'i. Malamin da ta yi niyyar aiki da shi ma ya riga ya bar ƙasar. Ba ta cika wa'adinta ba ta komo gida.

Cikin 1936 Jami'ar Misuri ta ɗauke ta ƙaramar malama. A can ta yi bincike a kan abin da ke faruwa in zaren gado ya karye. Ta gano cewa karyayyen baki ya kan manne da wani karyayyen, sa'an nan in sel ya zo rabuwa biyu sai zaren ya sake tsinkewa, a yi ta haka. Yau masu binciken ciwon daji suna ganin irin wannan karyewa da mannewa a jikin marasa lafiya, kuma bayaninta suke amfani da shi. Amma zaman bai yi mata daɗi ba. Ba a kiranta taron malamai, ba ta kuma ga alamar za a ƙara mata girma ba. Cikin 1941 ta tattara kayanta ta bar wurin, ba tare da tana da wani aiki a hannu ba.

A ƙarshen shekarar nan aka ba ta wuri a wata ma'aikatar bincike da ke Cold Spring Harbor, kusa da Niyok. Ɗan ɗakin gwaji ne da 'yar gona, babu ɗawainiyar aji. Ta karɓa da niyyar shekara ɗaya, sai ga shi ta yi shekara 50 a wurin. Cikin 1944 aka zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka, ita ce mace ta uku da ta taɓa shiga. Cikin 1945 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana ilmin gado ta ƙasar.

ƘWAYOYIN GADO MASU TSALLE

Tun daga 1944 ta sa ido a kan masara mai ɗigo-ɗigo. A lokacin duk masana sun yarda cewa kowace ƙwayar gado tana da mazauninta a jikin zare, ba ta motsi, kamar dutsen jigida da aka ƙulle. Bayan shekara huɗu tana shuka tana ƙidaya, cikin 1948 ta tabbatar cewa akwai waɗansu guntayen gado da ke tashi daga mazauninsu su koma wani. Ta gano iri biyu, ta sa musu suna Ds da Ac. Na farko ba ya iya tashi sai na biyu yana nan.

Ga yadda ɗigon ke samuwa. Akwai ƙwayar gado wadda aikinta shi ne rina bayan ƙwayar masara. In guntun nan Ds ya yi tsalle ya faɗa tsakiyarta, sai ta kasa aiki, masara ta fito ba launi. Amma yayin da ƙwayar masarar ke girma, a cikin wani sel sai Ds ya sake tashi ya bar wurin. Nan da nan mai rinin ta koma bakin aikinta, wannan sel da duk waɗanda suka fito daga gare shi su yi launi. In tashin ya zo da wuri, tabon ya kan yi faɗi, don sel ɗin ya sami lokacin yaɗuwa. In ya zo a makare, sai a ga ɗan ƙanƙanin ɗigo. Watau da duban ƙwayar masara kawai, Barbara tana iya faɗin ko da wuri abin ya faru ko a makare.

Ta buga wannan cikin 1950, ta kuma yi bayaninsa gaban babban taron masana cikin 1951. Mafi yawansu ba su gane ba, waɗansu ma ba su ɓoye rashin yardarsu ba. Bayanin yana da wuya, kuma a lokacin ba a ma san siffar sinadarin gadon ba tukuna, watau DNA, don sai cikin 1953 aka gano ta. Gaskiya ne waɗansu masu binciken masara sun gwada sun ga tsallen, kuma ba a daina girmama ta ba. Sai dai an ɗauka abin na masara ne kaɗai. An kuma ƙi yarda da ra'ayinta cewa guntayen nan su ne ke sarrafa yadda tsiro ke girma, kuma a nan binciken baya ya nuna ba duka abin da ta zata ne ya tabbata ba.

Da ta ga haka, daga 1953 ta rage buga wannan aiki a mujallun masana. Amma ba ta bar gona ba, ba ta kuma bar rubuta abin da ta gani ba. Daga 1957 ta shiga nazarin irin masarar gargajiya ta Meziko da Amurka ta Kudu, inda asalin masara yake, ta kuma horad da matasan masana na can. Ta ajiye aiki a hukumance cikin 1967, amma kullum tana ɗakin gwajinta.

RANAR WANKA

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, masu bincike da sababbin na'urori suka fara cin karo da guntayen gado masu tsalle a jikin ƙwayoyin cuta, sa'an nan a yis da ƙuda. Aka waiwaya aka ga ai abin da matar nan ta faɗa ke nan tun shekara 20 da suka wuce, ita da masararta da madubinta. Shugaban Amurka ya miƙa mata lambar kimiyya ta ƙasa cikin 1971. Cikin 1983, tana da shekara 81, aka ba ta lambar Nobel ta fannin likitanci. Ita ce mace ta farko da ta ci wannan lamba a fannin ita kaɗai ba tare da an raba da kowa ba. A rediyo ta ji labarin, ta kuma fita yawonta na safe kamar kullum.

Ta rasu ran 2 ga watan Satumba, 1992, tana da shekara 90.

INA RUWANMU?

Wata za ta ce, to, mu ina ruwanmu da masarar Amurka? Da ruwanmu ƙwarai. Yau an san cewa kusan kashi 85 cikin 100 na gadon masara irin guntayen nan ne, a jikin ɗan Adam kuwa sun kusa rabi, ko da yake mafi yawansu sun daina motsi.

Na farko, maganar magani. Ƙwayoyin cuta su kan sami gadon da ke sa magani ya kasa kashe su, kuma sau da yawa a kan guntayen nan masu tsalle gadon ke hawa ya yaɗu daga wata ƙwayar cuta zuwa wata. Duk lokacin da aka sayi kafso biyu a tallan kasuwa aka ba yaro, ko aka bar maganin asibiti don an ji sauƙi, masu taurin kai ne ke tsira su yaɗu. Gobe in ciwon ya dawo, maganin jiya ba zai yi ba. Saboda haka a bar shan kafso ba da umurnin likita ba, in kuma an rubuta, a shanye shi yadda aka ce.

Na biyu, maganar iri. A Samaru ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake fitar da irin masara mai suna SAMMAZ, da na dawa da wake da gyaɗa. Masu wannan aiki suna tafiya ne a kan taswirar zaruruwan gado, wadda su Barbara suka aza harsashinta. Irin da ke nuna da wuri ko mai jure fari yana iya zama bambanci tsakanin rumbu cike da rumbu wofi.

Na uku, maganar sikila, watau amosanin jini. Ita ma gado ce, daga uwa da uba tare, ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ita kaɗai ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon, wanda ake kira AS, kuma lafiyarsa ƙalau. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Gwajin jini kafin a sa rana ba abin kunya ba ne, ya fi a yi shekaru ana jinya.

Akwai kuma abin da za mu duba a matsayinmu na iyaye. Barbara ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, wannan zaɓinta ne, ba kuwa shi muke kira a yi koyi da shi ba. Karatu bai hana aure. Gerty Cori, wadda ta ci irin wannan lamba cikin 1947, tare da mijinta suka ci, suna kuma da ɗa. Rosalyn Yalow, wadda ta ci cikin 1977, matar aure ce mai 'ya'ya biyu. Abin lura shi ne, da mahaifin Barbara ya yi shiru cikin 1919, da ba mu ji labarinta ba. Yarinya nawa ce a Rimawa take zuwa ta ɗaya a lissafi, sa'an nan a cire ta daga aji a ɗora mata farantin talla? Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan a Sakkwato tun 1975, ana koyar da ilmin halittu da aikin gona da likitanci, ba sai an ƙetare teku ba. Uwa ita ce ta fi kusa da kunnen maigida, in ta sa baki da hikima, sau da yawa a kan ji.

Ku kuma 'yan makaranta, matar nan ba da wata babbar na'ura ta fara ba. Da ido ta fara, da ƙidaya, da littafin rubutu, da rashin gajiya. In an kawo masara gida bana, ku ɗauki totuwa ɗaya ku ƙidaya fari nawa, rawaya nawa, mai ɗigo nawa, ku rubuta, ku kai wa malamar kimiyya ku tambaye ta dalili. Kada ku ji kunyar tambaya a aji, kada kuma ku yarda a ce muku lissafi da kimiyya na maza ne.